Sharhi: Madobiyar Taraba Da Bashin Da Kasuwa Ba Ta Rubuta Ba

Jalingo. Duk wanda ya bi hanyar Jalingo zuwa Bali tsakanin shekarar 2014 da ta 2017 ba zai manta da jerin tirelolin da ke ɗauke da gungumen icen madobiya ba, wato icen da 'yan kasuwa suka raɗa wa suna Madrid. Garin Garba Chede ya zama babbar matattara, inda ake jibge gungume kafin a kama hanyar Legas, daga can kuma jiragen ruwa su wuce da su ƙasar Sin, inda ake sassaƙa kujeru da gadaje na alfarma da wannan jan ice.

Kuɗi sun shigo, wannan ba abin musu ba ne. Masu injin yanka da 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci duk sun samu, sarakuna da ƙananan hukumomi da gwamnatin jiha kuma sun karɓi nasu kason. Mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda. To, in haka ne, ina aibin wannan ciniki?

Aibinsa shi ne akwai mutum na uku wanda bai halarci cinikin ba, amma shi aka bar wa biyan wani ɓangare na kuɗin. Masana tattalin arziki suna kiran wannan illar gefe, wato asarar da ciniki tsakanin mutum biyu ke jawo wa wanda ba ya ciki, ba tare da an biya shi diyya ba. Duk inda irin wannan asara ta yi yawa, farashi yakan daina faɗin gaskiya, kasuwa kuma sai ta riƙa samar da abin fiye da yadda ya dace. Wannan shi ake nufi da gazawar kasuwa.

Madobiya tana da aikin da take yi tun tana tsaye. Ganyenta abincin dabbobi ne a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare. Tana daga cikin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa taki, saiwarta tana riƙe ƙasa a gangaren tsauni, ƙudan zuma kuma suna kiwo a furenta. Sai ta shekara gommai kafin ta kai girman yanka. Ran da aka kayar da ita, makiyayi ya rasa ganye, sai ya matsa da shanunsa kusa da gonaki, inda rigima ke jiransa. Manomin da ke ƙasan tudu ya ga ruwan sama yana kwashe masa ƙasar noma. Laka ta gangara cikin kogin Taraba da na Donga, ta wuce Binuwai. Hanyar da tirela ta farfasa kuma, mai motar haya da mai kai doya kasuwa su ne ke biyan kuɗin gyaran mota. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga littafin dillali.

A ɗauka, a matsayin misali, dillali ya kashe Naira 60 a kan gungume ya sayar Naira 100. A littafinsa ya ci ribar Naira 40. Idan ɓarnar da sare icen ya jawo wa makiyayi da manomi da hanya ta kai Naira 70, to jama'a gaba ɗaya sun faɗi da Naira 30. Dillalin bai yi ƙarya ba, lissafinsa daidai ne. Abin da ya faru shi ne an ba shi kaya a farashin da bai kai kuɗinsu ba, kuma kowane ɗan kasuwa mai hankali zai yi ta saye har kayan su ƙare.

Haka kuwa aka yi. Cinikin ya faro ne daga ƙasashe irin su Gambiya da Gini Bisau da Gana da Benin, da itatuwan can suka yi ƙaranci ko aka hana, sai ya ƙaura zuwa Nijeriya, ya bi ta Jihar Kogi ya iso Taraba da Adamawa. Da manyan itatuwa suka ragu a dazuzzukan Bali da Gassol, masu yanka suka doshi gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan. A 2016 taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesburg ya sanya madobiya cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izini, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A Nuwamban 2017 ƙungiyar binciken muhalli ta EIA ta yi zargin cewa gungume kimanin miliyan 1.4 daga Nijeriya, da aka tsare a tashoshin ruwan Sin, an sake su ne da takardun da aka sa wa hannu bayan an riga an fitar da kayan. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. A 2018 dai aka dakatar da cinikin wannan ice daga Nijeriya.

Masana sun daɗe da sanin wannan cuta. Tun a 1920 Arthur Pigou na Jami'ar Kambirij a Ingila ya ba da shawarar a ɗora wa mai ɓarna haraji daidai da ɓarnarsa, domin asarar gefe ta shiga cikin farashi. Bahaushe ya riga shi faɗa: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Amma ya kamata a lura, kuɗin da aka riƙa karɓa a kan kowace tirela ba irin wannan haraji ba ne. Harajin Pigou ana auna nasararsa da yadda ya rage ɓarna. Kuɗin shiga kuwa ana auna nasu da yawan tirelolin da suka wuce, saboda haka mai karɓa ya zama abokin tarayyar mai sara.

A 1960 Ronald Coase ya nuna cewa tushen matsalar sau da yawa rashin tabbataccen mai abu ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, gandun daji kuma na gwamnati ne. Mutumin ƙauye ya san in bai sayar da icen yau ba, gobe wani zai sare shi ba tare da ya sami ko kwabo ba. Me zai sa ya jira? Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta tara shaidu daga ƙasashe da dama cewa al'umma na iya kula da dajinta da kanta, muddin iyaka ta fito fili, akwai masu sa ido daga cikinsu, akwai kuma hukunci.

Ba sai an je nesa ba. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, daga 1983 manoma suka fara barin kututtukan gonakinsu su sake toho. Abin ya bunƙasa ne da manomi ya tabbata cewa icen da ya raina nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba. A yau ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo a kudancin Nijar da kadada miliyan 5.

A 2023 gwamnatin Agbu Kefas ta ba da umarnin dakatar da sare itatuwa da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Matakin ya dace a matsayin tsayar da jini, amma hani shi kaɗai ba ya warkarwa. Yakan ɗaga farashi, farashi kuma ya ɗaga kuɗin toshiyar baki a shingen hanya. Bugu da ƙari, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar kananzir da iskar gas ta tura gidaje da yawa ga gawayi. Lissafin da ya cinye madobiya shi ne ke bin ƙirya da kaɗanya a yanzu.

Abubuwa uku ne ya kamata a yi. Na farko, a ƙidaya itatuwan da suka rage, a ƙayyade adadin da za a yanka kowace shekara, a sayar da lasisin ta hanyar gwanjo a bainar jama'a. Na biyu, kuɗin da aka tara kada su narke a baitulmali, a ware su domin dashe da gyaran hanyoyin yankin da aka yi saran, a kuma buga lissafinsu. Na uku, a ba ƙauyuka rubutaccen haƙƙi a kan dajinsu, tare da kaso mai ɗorewa, yadda ice a tsaye zai fi musu riba a kan ice a kwance. Ƙasar Kosta Rika ta bi irin wannan hanya tun 1997, tana biyan masu filaye ladan barin daji, da kuɗin harajin mai.

Wasu za su ce wannan zai ƙara tsadar katako da gawayi, ya kuma taɓa talaka. Gaskiya ne farashi zai hau. Sai dai tsadar tana nan tun da, makiyayi da manomi ne ke biyan ta a ɓoye. Abin da za a yi wa talaka shi ne a sauƙaƙa masa murhu mai tsimin makamashi da iskar gas, maimakon a bar shi ya ci jarin 'ya'yansa.

'Yan kasuwar Jalingo su ne ya fi cancanta su jagoranci wannan kira. Kafinta yana bukatar katako bayan shekara 20, mai injin casar shinkafa yana bukatar fadamar da yashi bai binne ba, bankin da ya ba manomi rance yana bukatar gonar ta ci gaba da bayarwa. Dillalan waje sun kwashe kayansu sun ƙara gaba, kamar yadda suka bar Gambiya da Benin. Bashin kuwa yana nan a Taraba, kuma waɗanda ba su da wurin ƙaura su ne za su biya shi.