Sharhi: Suna linzami, har a Ukren

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukren a 2022, masu gidan burodi da masu saida taki sun ji a jikinsu, don ƙasashen nan biyu suna cikin manyan masu fitar da alkama, Rasha kuma har da taki. Sunan Ukren ya shiga bakin kowa a kasuwa. To amma shi kansa sunan yana cikin abin da ake faɗa a kai.

Da Ingilishi ana ce ma mutanen ƙasar Ukrainian. Aro ne Turawan Ingila suka yi daga kalmar Ukraina, suka ɗaura mata wutsiya irin tasu. Kalmar ta tsufa, don tana cikin wani kundin tarihi inda ake ba da labarin mutuwar wani yarima a 1187. Tushenta krai, kuma nan gardamar take: krai na nufin gefe ko iyaka, yana kuma nufin ƙasa. Masana harshe da dama sun ce asalin ma'anar ƙasar bakin iyaka ce. Wasu ƴan Ukren sun ce a'a, ƙasa ce kawai, tasu ta kansu.

A ganinmu, ko da ma'anar farko ce gaskiya, ba ta mai da ƙasar gefen gonar wani ba. Nijar da Nijeriya sunan kogi guda suka ɗauka, wa ya ce ɗaya mallakar ɗaya ce?

Su dai sun san ciwon laƙabi. Zamanin sarakunan Rasha "Ƙananan Rashawa" ake kiransu, har a 1876 aka hana buga littattafai cikin harshensu. Shi ya sa masu iliminsu suka riƙe sunan Ukren gam. Bayan samun ƴancin kai a 1991, suka nemi masu Ingilishi su bar sa ƴar kalmar the gaban sunan ƙasar, don tana sa a ji kamar wani yanki ne na wata daula. Haruffa uku kacal, jama'a, amma sai da manyan jaridun Ingila da Amurka suka gyara.

Wanda ke ganin wasa ne ya tuna: a watan Yulin 2021 shugaba Putin ya fitar da doguwar maƙala yana cewa Rashawa da ƴan Ukren al'umma guda ce. Wata bakwai bayan nan, tankokinsa suka nufi babban birnin ƙasar.