Mdou Moctar: masoya na ja-in-ja a kan alƙiblar ƙungiyar

Cikin ƙasa da shekara guda, ƙungiyar makaɗin jita Mdou Moctar ta fitar da kundi biyu masu ɗauke da kusan waƙoƙi iri ɗaya, amma da salon kiɗa daban. Na farko, Funeral for Justice, ya fito a watan Mayun 2024 da jitar lantarki mai tsananin ƙara da ganguna masu gudu, irin na kiɗan rock. Na biyu, Tears of Injustice, ya biyo baya a watan Fabrairun 2025 da jitar katako da murya a sanyaye. Wannan ya sake tayar da tsohuwar gardama tsakanin masoya: wanne ne ainihin Mdou, kuma wa yake yi wa kiɗa?

Ɓangare guda na ganin ƙungiyar ta yi nisa da kiɗan bukukuwan Abzinawa da ta taso a cikinsa. Hujjarsu ita ce tun daga kundin Ilana na 2019, sai kuma Afrique Victime na 2021 da kamfanin Matador na Amurka ya buga, sautin yana ta ƙara kauri don ya dace da manyan dandalin Turai da Amurka. Suna kuma nuni da yadda ƙungiyar take: ƴan Nijar uku, wato Mdou da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu da Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun, wanda ke kaɗa jitar bas kuma shi ke tsara sauti a situdiyo. A ganinsu, wanda ke riƙe da na'urar haɗa sauti yana da babbar murya a kan abin da kunne zai ji.

Ɗaya ɓangaren na cewa wannan zargi bai san bikin Agadas ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin biki da dare, inda janareta ke ruri, lasifika na neman fashewa, matasa na tada ƙura, ya san cewa ƙara da gudu ba daga waje aka kawo su ba.

Tarihin mawaƙin kansa ya fi goyon bayan ɓangare na biyu. Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa, ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar da na'ura ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Waɗannan waƙoƙi ne suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya nemo mai su. Ke nan sauya salo ba sabon abu ba ne a wurinsa. Da shi ya fara.

Shi ma Tears of Injustice, wanda wasu ke ɗauka a matsayin komawa gida, ba a gida aka yi shi ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riski ƙungiyar tana rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, ƴan Nijar ɗin uku suka rasa hanyar dawowa, har sai da masoya suka yi musu karo-karo ta intanet. A wannan zaman jira ne suka shiga situdiyo a Brooklyn da ke birnin New York suka sake rera waƙoƙin cikin sanyi.

Abin da gardamar ke yawan tsallakewa shi ne kalmomin. Ko da lantarki ko da katako, Mdou da Tamashek yake waƙa. Waƙar Imouhar kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya ɓace, Oh France kuma tana sukar rawar Faransa a Afirka, an kuma ɗauke ta kafin sojojin ƙasar su fice daga Nijar a ƙarshen 2023. Mafi yawan masu sayen tikiti a waje ba sa jin ko kalma ɗaya, jitar ce ke jan su. Masu jin saƙon kuwa suna nan gida, inda waƙa ke yawo kyauta a waya, mawaƙi bai ga ko dala ba.

Nan ne ainihin ja-in-jar take, kuma ba ta Mdou kaɗai ba ce. Bombino da Etran de l'Aïr ma a kan wannan hanya suke: kuɗi a waje, ma'ana a gida. Muddin babu wadatattun dandali da situdiyo da tsarin biyan haƙƙin mawaƙa mai ƙarfi a Yamai, Agadas, Maraɗi ko Damagaram, masu sauraro na ƙetare za su ci gaba da yin tasiri a kan salon da ƙungiyoyin Nijar ke zaɓa. Masoyan da ke son a ji ra'ayinsu suna da hanya ɗaya da ta fi gardamar fada tasiri: su biya kuɗin shiga idan an shirya wasa a garinsu.