Dariyar da aka maimaita har ta huce

Uwargida, in dai yara na karɓe miki waya don kallon Gidan Badamasi na Arewa24, kin san yadda ake yi: 'ya'ya su ƙullo dabarar tatsar kuɗi, Alhaji ya hana, a tashi baram-baram. Karon farko dariya har da riƙe ciki. Karo na biyar kuwa datarki kawai ke ƙonewa, yaro kuma ya haddace baƙar maganar da zai yaɓa wa ƙanensa.

Maimaici ba laifi ba ne. Dubi 'yan tashe a Jega ko Aliero daga goma ga azumi. Amshi ɗaya suke kaiwa kowace ƙofa, amma da tsoho mai gemun auduga ya ga matan gida sun yi shiru, sai ya sake salo, ya zube ƙasa da gangan, dariya ta dawo.

Abin da shirin ke buƙata ke nan. A yi sau biyu yadda muka saba, na uku a juya. Ran nan Alhaji ya miƙa kuɗin ba gardama, mu ga 'ya'yan suna tura juna, kowa na tsoron tarko ne. Rigimar kuma a rage ta, wayar ma ba kullum take da caji ba.