Dodon Tatsuniya da Dodon Ƙura

Tun kaka da kakanni yaran ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum suke kwana da labarin Dodo mai tsare rijiya, da maye mai kama kurwa, da aljanun da ake cewa sun yi gida a gindin tsamiya da kuka. Daga wannan rumbu marubuta suka daɗe suna ɗiba. Alal misali, littafin Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya kai jaruminsa har cikin aljanu, kuma marubutan yau na labaran ban tsoro suna bin wannan sawu. Wasu malaman kimiyya suna ganin ya kamata a raba ɗalibai da irin waɗannan littattafai, wai suna shuka camfi. Wannan ra'ayi yana da hujja, amma hani ba shi ne magani ba.

Haƙiƙa tatsuniyar ban tsoro makaranta ce. Dodon rijiya yakan hana yaro leƙa ramin da zai halaka shi, labarin aljanun dare kuma yakan tsare shi a gida lokacin da kura da maciji suke yawo. Bugu da ƙari, tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita: akan buɗe da "ga ta nan", a rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san an dawo duniyar zahiri. Illa tana farawa ne idan labari ya tsallake wannan iyaka, ya zama bayanin cuta. Sunan shan-inna shaida ne. An jingina shanyewar ƙafar yaro ga Inna ta bori, alhali ƙwayar cuta ce da allurar rigakafi take karewa, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da nau'inta na asali.

Abin da ya auku a wannan yanki a 2010 ya fi kowane ƙagaggen labari ban tsoro. Yara suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu amfani ba. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jini aka gwada, sannan aka gane gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gari, ana shanya garinsu a tsakar gida, cike suke da dalma. Yaro mai rarrafe yakan kai ƙurar baki, kuma hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalmar takan yi shigar burtu a jiki, ta maye gurbin sinadarin kalsiyam, ta isa ƙwaƙwalwa ta kumbura ta. A ƙauyuka biyu da aka bincika, yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 suka rasu a shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar ta haura 400. Abin da ya kawo sauƙi shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, da ba yara maganin da ke fitar da dalma ta fitsari.

A nan ne aikin marubuci yake. Maƙiyin da ba a gani, mai shiga gida tare da arziki ya ɗauki ƙananan yara, ai shi ne siffar dodon tatsuniya. Ɗalibin da ke son rubuta labarin ban tsoro ya kawo Dodo da aljanunsa yadda ya ga dama, amma idan yaro ya kamu da jijjiga a cikin labarin, kada ya bar mai karatu da zaton turare da tsarin daga za su wadatar, ba tare da asibiti ba.

Malamai kuwa, maimakon ƙwace littafin, gara malamin Hausa da na kimiyya su haɗa kai. Ɗalibai su tattaro tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin Gummi da Anka da Bukkuyum, sannan a aji a tambaye su wane haɗari na gaskiya kowane dodo yake gargaɗi a kai. Yaron da ya saba da wannan tambaya, ranar da ƙanensa ya fara jijjiga zai tuna da ƙurar da ke tsakar gida.