Kafin wani ɗanmu ya sake faɗowa daga tsani: maganar sandar wankin gilashi da fanon sola



Ran nan da hantsi munka bi ta gaban wani bene, gabansa duk baƙin gilashi irin wanda ake yayi yanzu. Wani matashi na can sama bisa tsani, tsanin ma biyu ne anka haɗa anka ɗaure da igiya. Bokiti a hannu ɗaya, tsumma a ɗayan, ƙanensa na ƙasa ya danne ƙafar tsanin da gwiwa. Mai gidan kuwa yana cikin inuwa yana nuni da yatsa: "Kai yaro, can gefen ba ka goge ba!" Mutane na wucewa, ba wanda ya ga abin a tsaya. Mun saba. Sai ran da anka ji ƙarar faɗuwa ne za a ce ƙaddara ce, a kwashe shi a yi likita da shi.

Mu dai muna ganin akwai ƙaddarar da kuɗi kaɗan ke iya tarewa, da yardar Allah.

Ginin garuruwanmu ya sake. Tun shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019, Yamai ta cika da otal da ma'aikatu masu bangon gilashi, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa sun ɗauki salon. Sai ga 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran saboda takunkumi, duk mai ɗan hali ya ɗora fanon sola bisa rufi. Ga kuma ƙura: daga Nuwamba har wajen Maris iskar hunturu na kwaso ta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana shimfiɗa mana. Gilashin taga in ya yi ƙura, muni ne kawai. Fano in ya yi ƙura, hasken rana ba ya shiga yadda ya kamata, batir ba ya cika, firji ya mutu tsakar dare, mai ƙanƙara ta yi asara. To aikin wanki ya zama dole, kuma wani ne zai hau. Ɗan talaka ne ke hawa.

A Ingila, tun da anka kafa dokar aiki a wuri mai bisa a 2005, masu wankin taga da yawa sun aje tsani sun koma ga doguwar sanda. Sandar gaɓa-gaɓa ce, ana zaro ta kamar eriyar rediyo. Siririn tiyo na bin ta har ƙarshe, a kanta akwai buroshi mai ƴan ramuka da ruwa ke fita. Mutum na tsaye a ƙasa, ƙafafunsa biyu bisa turɓaya, yana goga yana ɗauraya lokaci guda. Yanzu matasanmu na ganin bidiyonta a Facebook da TikTok, wasu har sun fara tambayar ƴan kasuwa masu zuwa Kano da Dubai da Sin su kawo musu. Mun yi murna da haka. Tsoronmu ɗaya ne, kada yaro ya saida ragon uwarsa ya sayi abin da bai dace da ƙasarmu ba.

Mu fara da lissafi. Sandar da Turawa ke yabo ta kabon ce, ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasa, amma kuɗinta ɗaruruwan yuro ne. Yuro ɗaya kusan sefa 656. Sanda mai yuro 300 ke nan ta tasar ma jikka 197, ba a sa kuɗin mota da na duwan ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne. Kusan albashin wata biyar a sanda guda, ba buroshi, ba famfo. Wanda ke da kwangilar babban otal mai hawa biyar ko shida, wannan ya saya, ta dace da shi. Mai fara neman na kansa kuwa, daidai ruwa daidai tsaki.

Abu na farko da za a duba shi ne tsawo. Hawa ɗaya na bene wajen mita 3 ne. Galibin gidajenmu da shagunanmu ƙasa ne da sama ɗaya, sanda mai mita 5 zuwa 6 ta ishe su. Mai saye yakan ce bari in ɗauki mai mita 10 ko wata rana. Wannan "wata rana" ita za ka riƙa ɗauka a kafaɗa kullum, don gaɓoɓin da ba ka zaro ba suna nan cikin sandar da nauyinsu. Auna gidajen unguwar da za ka yi aiki, ka sayi tsawonsu.

Na biyu, da me anka yi ta. Ta alminiyam ita ce mai araha, kuma a mita 5 ko 6 tana aiki sarai, sai dai tana ɗaukar zafin rana, in ta lotsa kuma gaɓar ta daina zarowa. Ta zaren gilashi, wadda ake ce ma fiba, kuɗinta tsaka-tsaki ne, amma in ta yi tsawo tana rawa kamar karan dawa. Duk wadda za ka saya, ka zaro ta gaba ɗaya nan cikin kanti, ka ɗaga, ka girgiza. In kanta na lilo, gogarka ba za ta kai gilashi da ƙarfi ba. Ka duba maɗauran gaɓoɓin da kyau, don su ke fara mutuwa. Mai kusa da ake ƙara ɗaurewa ta fi wadda ake murɗawa, saboda rairayinmu na shiga cikin murɗin ya cinye shi. Ka tambayi mai kanti ko yana da maɗauri na canji. In ya ce babu, ka san sandar shekara ɗaya ka saya.

Nan kuma mu tsaya mu yi magana da babbar murya. Alminiyam na jan wuta. Kabon ma na jan wuta. Fiba ba ta ja in ta bushe, amma ai jiƙe take aiki, ga ruwa cikin tiyo. A unguwanninmu wayoyin kuran sau da yawa gab da bango suke wucewa, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba, wuta na iya tsallakowa in an matsa kusa. Kafin ka ɗaga sanda, ɗaga kanka. In waya na kusa da tagar, ka bar tagar nan, ko nawa anka ce za a ba ka. Ba mu ce a sauka daga tsani don a mutu a ƙasa ba.

Na uku, buroshi, kuma a ganinmu nan ya kamata kuɗin ya tahi. Ƙazantar gilashin Turai ruwan sama ne da kashin tsuntsu. Tamu rairayi ne, kuma rairayi na kartar gilashi. Akwai buroshi mai gashi da anka tsattsage bakinsa ya yi laushi kamar auduga. A hannu ya fi daɗin taɓawa, mai kanti ma shi zai fara miƙo maka, amma shi ne ke riƙe tsakuwa cikin gashinsa yana ja bisa gilashi. Mai gashin nailan sumul, wanda ba a tsattsage ba, ya fi dacewa da mu, don ruwa na wanke ƙasar ta fita. Faɗin santimita 25 zuwa 30 ya isa taga. Kada ya yi nauyi, abin da ba ka ji a tafin hannu ba za ka ji shi a wuya in yana can ƙarshen mita 6. Kuma don Allah a bar ɗaura buroshin wankin tabarma ko na tayar mota a kan gora. Karcen da anka yi wa fano ba ya gogewa.

Na huɗu, ruwa. Wanga shi ne abin da bidiyon intanet ba ya faɗa. Abin da ke sa Bature ya ɗauraye taga ya tahi abinsa bai share ba, ruwansa tatacce ne, an cire masa gishiri da farar ƙasa, in ya bushe ba ya barin tabo. Masu sana'ar na auna shi da wata ƴar na'ura kamar bik, suna son lambar ta tsaya ƙasa da 10. Ruwanmu kuwa iri-iri ne. Na Yamai daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel. Na Maraɗi da Tawa da Damagaram daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma kowace rijiya da halinta. Kafin ka sayi komai, ɗiga ruwan unguwarku bisa madubi mai tsabta, ka aje a inuwa ya bushe. In ya bar farin zobe, ka san da sauran aiki. Akwai tukunyar tacewa mai ƴan ƙwayoyi a ciki, amma in ruwa na da gishiri da yawa ƙwayoyin na saurin mutuwa, kuma daga waje ake kawo su. Akwai injin tacewa mai tantani, shi kuma yana zubar da wani kaso na ruwan. Dabarar talaka ita ce wanki da ruwan famfo, ɗauraya ta ƙarshe da ruwa mai kyau: ruwan sama da anka tara bayan rufi ya wanku, ko wanda ke ɗiga daga kilim lokacin damina, a tace da ƙyalle.

Mun san abin da wasu za su ce, musamman ƴan uwanmu na Damagaram: "Mu da ke bin ƴan garuwa don ruwan sha, wa ke ta gilashi?" Gaskiyarku. Shi ya sa ba mu goyon bayan a jona tiyo da famfo a bar shi yana kwarara. Sanda mai kyau na cin wajen lita ɗaya da rabi a minti. Bido mai lita 25 ke nan zai yi kusan minti 16 ana feshi, in kuma akwai makunni a hannu ana rufewa tsakanin taga da taga, sai ya kai nesa. A gwada wannan da bokitin da ake watsawa daga ƙasa rabi na bin bango. Sa'an nan tagar da hannu ke kaiwa ba ta bukatar sanda ko kaɗan, soso da robar jan ruwa sun fi tsimi. Sanda ta wurin da ake hawa ce. Kuma in za a zaɓa tsakanin taga da fano a lokacin ƙarancin ruwa, a wanke fano, shi ke maido kuɗinsa.

Shi ma fanon da ƙa'idarsa. Da sassafe ake wanke shi ko bayan la'asar sakaliya, don ruwan sanyi bisa gilashin da rana ta gasa na iya tsaga shi. A fara jiƙa ƙurar ta gangara kafin a goga. Ba sabulun gari. Ba a taka shi, ko da ba ka ga ya fashe ba, cikinsa na tsagewa.

Wanda bai da kuɗin ta kanti kuma, kada ya ce ƙofa ta rufe. Sandar masu fenti mai zarowa, siririn tiyo irin wanda magina ke gwada daidaiton bango da shi, buroshi mai taushi, da famfon feshi na goyo mai lita 16, sabo wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, sun isa a fara. In aiki ya buɗe, a sayi ƙaramin famfo mai bolt 12 da batirin babur ke tayarwa. Masu walda na Katako da na sauran kasuwanninmu sun ƙera abin da ya fi wannan wuya. Mu ba su misali su gani. Araha ba ta ado, mun yarda, amma ba ado muke nema ba.

Magana ta ƙarshe ga iyayenmu masu gidaje da shaguna. Alhaji, wanda ya iya sayen gilashin gaban bene da fano goma, ya iya sayen sanda da buroshi ya aje a gida, ko ya ƙara wa mai wanki abin da zai sayi nasa. In matashi ya zo maka da sanda ya faɗi kuɗinsa, kada ka ce wancan mai tsani ya fi araha. Ragowar da ka samu, da ƙashin bayansa ya biya maka ita. Ku kuma matasa, ku haɗu uku ko huɗu ku yi adashi, ku sayi kaya ɗaya mai kyau, ku raba unguwanni. Hunturu na zuwa kowace shekara, bai taɓa saɓa alkawari ba, aikin ba zai ƙare ba.

Wanda ya riga ya gwada a garinsu, ya faɗa mana yadda ruwan wurinsu ya yi masa, wasu su ƙaru. Allah shi tsare mana ƴaƴanmu, shi sa albarka cikin neman halal.