Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sarkin Zongo da Limaman Zongon Lome



Roƙona shi ne ku ba da izini a haska fim ɗin Timbuktu a filin unguwa bayan sallar isha'i. Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya ne ya shirya shi a 2014, kan halin da talakawan arewacin Mali suka shiga a 2012 lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garuruwansu. Za ku ga mai sayar da kifi da aka tilasta wa sa safar hannu, ta miƙa musu hannuwanta ta ce su sare. Za ku ga limami ya tsaya musu a masallaci, ba shi da makami sai ilimi. Ga kuma Toya, yarinyar da ta rasa uwa da uba rana ɗaya.

Wannan wuta ta iso arewacin Togo. A Yulin 2022 yara 7 suka mutu a ƙauyen Margba, sojojin Togo kuma suka amsa cewa su suka kai harin bisa kuskure. Wallahi iyayen yaran nan sun cancanci mu zauna mu tuna da su. A samo mai fassara fim ɗin da Hausa saboda iyayenmu mata, malamai su yi bayani bayan an gama, a rufe da addu'a ga mamatan.

Naku,
Wani ɗan Zongo