Harajin sayen gida: takardar mai unguwa ba ta isa ba

Malam Edita,

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, galibin cinikin gida yana ƙarewa ne da la'adar dillali da takardar mai unguwa da sa hannun shaidu, a manta da kuɗin hatimin gwamnati da na rajista. Wannan ganganci ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce ba a sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewar gwamna. Wanda ya tsallake wannan mataki, sunan mai gidan farko ne zai ci gaba da zama a kundin gwamnati, banki ba zai karɓi gidan jingina ba, kuma ranar rabon gado magada ne za su sha wahala.

Za a ce kuɗin ya yi yawa, ga jeka-ka-dawo a ofisoshi. Gaskiya ne, amma shari'ar gida ɗaya ta fi harajin tsada. Gyaran yana wuyan gwamnati. Bai kamata magidancin da ya sayi gidan zamansa ya biya daidai da mai sayen benen haya a titin Zoo ba. Ina roƙon hukumar rajistar filaye ta KANGIS da Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano su wallafa farashin da Hausa, su sassauta wa mai sayen gidan farko.

Naka,
Mai karatu daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano